Tela, Kai Ma Ka Je Idi

Duk wanda ya ratsa Tudun Wada da ƙarfe biyun dare a goman ƙarshe na azumi ya san unguwar nan ba ta barci. Karatun tahajjud na tashi daga lasifikar masallaci, janareto na ruri a bakin kwata, ƙarƙashinsu kuma akwai wata ƙara da ba ta yankewa, ta kekunan ɗinki. Daga Agoro har Ƙofar Doka, shago bayan shago, za ka hangi mutum huɗu ko biyar sun duƙufa ƙarƙashin ƙwai ɗaya, tef a wuya, alli a bayan kunne, shadda da atamfa sun yi tsibi har sun kusa taɓo rufi.

Sannunku da aiki, 'yan uwa. Ranar Idi, idan filin Ƙofar Doka ya cika ya batse, fari da shuɗi da ruwan ƙwai suna ta walƙiya a rana, babu riga ɗaya a wurin da ba ta bi ta hannun ɗayanku ba. Idan Sarkin Zazzau ya hau, hakimai suka biyo baya, aka yi Hawan Bariki, aka yi Hawan Daushe, masu kallo doki suke gani da alkyabba, ba su ganin wanda ya ƙare idonsa a kan wuyan riga. Sunan da Zazzau ta yi wajen aska biyu da aska takwas ba daga sama ya faɗo ba, yatsun mutane ne irinku. Ku kuke yi wa Sallah ado. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekara da shekaru ina ganin masu yi wa Sallah ado su ne ba sa ganinta.

A shagon kawuna na tashi. Ni ne mai sa maɓalli, mai share ƙyallaye, mai kai kaya wurin masu bugu. Kawu mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Ana jibi Sallah ma, in aka shigo aka ce "Malam, ka taimaka, na yara ne," sai ya miƙa hannu ya karɓi leda. Wata shekara ya yi dare uku bai runtsa ba, goro a kumatu, butar shayi a gefen ƙafa. A dare na ukun ya shimfiɗa geznar wani Alhaji a kan tebur, ya buɗe littafin awo, ya zana da alli, ya sa almakashi. Ina tsaye ina jin sautin yankan, ƙaras ƙaras, har ya kai ƙarshe. Sai ya tsaya cak. Ya dubi littafin, ya dubi yadin, ya sake duban littafin. Awon shafin da ke kusa ya ɗauka, na wani saurayi siriri, alhali Alhajin ƙato ne. Bai ce uffan ba. Ya ajiye almakashin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya zauna a benci, hannunsa na rawa. Ribar watan nan kaf a biyan wannan shadda ta tafi. Da safe muka yi wanka muka tafi Idi, shi kuwa yana kwance kan tarin ƙyalle, zazzaɓi ya rufe shi, da tsohuwar rigarsa ta aiki a jiki.

Da shekara ta zagayo, ran goma ga azumi, sai ya ɗauki allin nan ya rubuta a jikin ƙofa: "An rufe karɓar ɗinki sai bayan Sallah." Wasu suka yi fushi, wani ma ya ce tela ya yi kuɗi ya fara girman kai. Amma kowa ya karɓi kayansa ranar da aka ce masa, shekarar da ta biyo kuwa tun cikin Sha'aban suka fara kawowa. Ashe mutane sun san ba a fafe gora ranar tafiya, mu ne muka saba musu da fafewa.

Wannan rubutun alli shi ne babban maganin da na sani, kuma jarumta yake so, don mayar da kuɗi a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Zauna ka yi lissafi kamar ɗan kasuwa. In kaftani uku kake gamawa a yini, saura kwana ashirin, sittin ke nan. Cire ranakun da za a ɗauke wuta, cire Juma'a, cire ranar da yaro zai tashi da ciwon ciki ka kwana a asibiti. Abin da ya rage shi ne iyakarka. Duk ledar da ka karɓa bayan wannan, ba da zare za ka ɗinka ta ba, da barcinka za ka ɗinka ta. Kafin alƙalami yana da daɗin karɓa, amma daga lokacin da ya shiga aljihu ya zama igiya a wuya. Kalmar nan ta "alƙawarin tela" da ake yi mana dariya da ita, ku ne za ku iya kashe ta, kuma a bakin ƙofa ake kashe ta, ranar karɓa.

Kada wani ya ce maka rashin barci ƙwazo ne. Baligi na bukatar awa bakwai ko fiye a kwana ɗaya. Na san a goman ƙarshe wannan magana kamar almara ce, ga asham, ga tahajjud, ga sahur. To a tsinta a haɗa: awa uku bayan asuba, awa ɗaya bayan azahar lokacin da rana ta take kuma ba mai shigowa, sauran cikin dare bisa karɓa-karɓa da abokan aiki. A shekarar 1997 wasu masu bincike a Ostireliya sun auna mutanen da suka yi awa 17 ido biyu, suka tarar hannunsu da idonsu sun yi sanyin aiki kwatankwacin na wanda ya ɗan kurɓi barasa. Ka ji fa. Kai da ko warin giya ba ka so, in ka kwana ka yini a kan keke, hannun mashayi ne ke riƙe da almakashinka. Mai Keke Napep da ɗan acaɓa da ke jigilar masu sayayya tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari su ma su ji da kyau, don nasu kuskuren ba a kan yadi yake faɗawa ba.

Goro da shayi da kofi da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari, duk sinadari ɗaya ke aiki a cikinsu. Rance yake ba ka, ba kyauta ba, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini, shi ya sa in ka samu damar kwanciya sai ido ya ƙeƙashe. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙwaya. Mun san yadda ake fara ta: "Sha ɗaya kawai ka fitar da aikin nan." Tiramadol idan ya yi yawa yana sa jijjiga kamar farfaɗiya, kuma yana kama mutum ya ƙi saki. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Yara nawa ne suka fara don Sallah ɗaya, yau ba su iya zura zare a allura? Maigida, yaran shagonka amana ne. Idan ka ga idon yaro ya yi ja yana aiki kamar inji ba gajiya, kada ka yaba, ka ja shi gefe ka tambaye shi. Ka ba su abincin buɗa baki na kirki, ka sallame su su kwanta, ka biya su haƙƙinsu kafin a ga wata, su ma suna da iyayen da ke jiran goron Sallah.

Ko maganin ciwon jiki na kemis ba abin wasa ba ne. Farasitamol kada ya wuce ƙwaya takwas mai lamba 500 a kwana ɗaya, fin haka hanta yake taɓawa. Irin su ibufurofen da dikulofenak kuma, a sha su a cikin da ya yini babu komai, jikin da ya bushe da ƙishirwa, hanya ce ta tayar da gyambon ciki da wahalar da ƙoda. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, wanda mai sayarwar ma bai san sunayensu ba, ku bar shi inda kuka gan shi. Yawancin ciwon bayan tela, benci ne ya kawo shi. Duk awa ɗaya ka miƙe, ka taka zuwa bakin titi ka dawo, ka juya wuya. Mai surfani ya riƙa ɗaga kai duk bayan minti ashirin ya dubi wani abu mai nisa, ko da bishiyar tsallaken hanya ce.

Janareto kuwa, tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 kowa na lallaɓa shi kamar jariri, har wasu na shigar da shi cikin shago ko soro don tsoron ɓarayi, su ja ƙofa. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai take fara sawa, da jiri, da tashin zuciya, mutum ya ɗauka gajiya ce ya kishingiɗa. Fitar da shi waje, nesa da ƙofa da taga, ka sa masa sarƙa da kwaɗo. Dutsen guga na gawayi ma a bar masa iska. Idan azumi ya faɗo a bazara kuwa, lokacin ne sanƙarau ya fi yawo a ɗakin da aka cunkushe aka toshe. Tsakanin magariba da sahur a sha ruwa a kai a kai, kada a bari kunun tsamiya da zoɓo mai sukari su cinye gurbinsa.

Iyayenmu mata, ban manta da ku ba, naku ma ya fi ɓoyuwa. Mai kitso da ke zaune kan turmi tun hantsi har kafaɗa ta sage, mai lalle da 'yan mata suka yi wa layi a tsakar gida, mai suyar cincin da dubulan na sayarwa, duk bayan wannan girkin buɗa baki na jiranta, tuwon Sallah ma ita. Hajiya, ke ma kina da alli. Ki ce kai goma zan yi yau, na sha ɗaya sai gobe. Ki raba aikin gida, samarin gidan ma hannu gare su, ɗaukar ruwa da kai niƙa ba ya rage wa kowa mazantaka.

Akwai gajiyar da ba a baya take ba, a ƙirji take. Magidanci ya kwanta yana ƙirga kayan yara, atamfar uwargida, zakkar fidda kai, toshin ƙanwa, in Babbar Sallah ce ga rago. Magabata sun riga sun faɗa, Sallah takan wuce ta bar wawa da bashi. Layya a kan mai hali take, kowane malamin zaure zai gaya maka haka. Rigar bara in an wanke an kai bugu, ba wanda zai tare ka a filin Idi ya nemi rasit. Ku zauna da mai ɗakinka tun da wuri, ku faɗa wa juna gaskiyar abin da ke aljihu. Wanda ke zubin adashi tun Rajab ba ya wannan juye-juyen a kan katifa.

Irin wannan tunani da rashin barci su ne abokan hawan jini, shi kuwa ba ya sallama. In ka haura shekara arba'in, ka je a auna ka kafin aiki ya kankama. Ga tsohon asibitin koyarwa nan cikin Tudun Wada, ko da babban ya koma Shika tun 2005, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga ƙananan asibitocin unguwa. Awon minti biyu ne. In awon ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, ka ga likita, kuma wanda aka riga aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don azumi, ya tambaya a gyara masa lokacin sha. Mai ciwon suga ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma magi da yajin tsire duk cikin lissafin suke. Ku tuna da wannan a ranar da aka sauke kaskon suyar layya.

Kawu ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, yaran da ya koya wa aiki ne ke riƙe da shagon. Amma tun daga shekarar allin nan bai sake rasa Idi ba. Yakan ware yadi biyar na kansa ya ɗinka tun farkon azumi, kafin na kowa. Idan an sallame muka taso daga Ƙofar Doka, ba ya sauri. Sai ya riƙa tafiya a hankali cikin taron yana duban bayan mutane, can ya taɓo ni da gwiwar hannu, ya nuna wani da haɓa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka ga wancan wuyan? Namu ne."