Wane Ne Abokin Baƙo?

A Agwada da ƙauyukan da ke kewaye da Keffi, ba ƙaramin abu ba ne yaro ya sami gurbin karatu a ƙasar waje. Iyaye sukan sayar da doya da riɗi, wani lokaci har da gona, dattawan ikkilisiya su ɗora masa hannu su yi addu'a. Gargaɗin da ake sallamarsa da shi kusan ɗaya ne a kowane gida: ya kama karatunsa, ya yi hankali da abokai. Gargaɗin yana da tushe, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Idan ɗalibi mai bi ya rufe ƙofarsa ga kowa sai ɗan ƙasarsa da ɗan ikkilisiyarsa, aminci ne ya nuna ga Ubangiji, ko kuwa tsoro ne ya sa wa rigar ibada?

Sai an san irin zaman da yake yi kafin a amsa. A Ingila, lokacin hunturu, rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma. Maƙwabci yakan wuce bai ce sannu ba, ba don ƙiyayya ba, al'adarsu ce. Doka ta ba ɗalibin digiri sa'o'i 20 kaɗai a mako ya yi aikin kuɗi yayin da ake karatu. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, kuɗin makarantar da iyaye suka tara ya narke tun bai bar gida ba. Yaron da ya san an sayar da gona dominsa yakan ji nauyin faɗin cewa yana kwana da yunwa. A waya sai ya ce lafiya lau. Wanda ya san gaskiyar halinsa shi ne wanda suke dafa abinci a kicin ɗaya, kuma sau da yawa wannan Ba'indiye ne, ko Balarabe, ko Baturen da bai taɓa shiga majami'a ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar masu bi cikin duhu a kan wannan ba, domin Daniyel ɗalibi ne a ƙasar waje. An kai shi Babila yana saurayi, aka sa shi karatun harshe da littattafan Kaldiyawa na shekara uku, aka canja masa suna zuwa Belteshazzar. Ya koyi harshen, ya amsa sunan, amma ya ƙi abincin sarki. Yana da aminai uku, Hananiya, Mishayel da Azariya, waɗanda ya ruga wurinsu domin addu'a sa'ad da ransu ke cikin hatsari. Duk da haka bai tsaya a kansu ba. Ya sami tagomashi wurin shugaban fadawan sarki, kuma wakilin da ke lura da su, wanda ba Bayahude ba ne, ya yarda da gwajin kwana goma na ganyaye da ruwa. A sura ta 2, da Allah ya bayyana masa mafarkin Nebukadnezzar, ya je wurin Ariyok ya roƙa kada a kashe masu hikima na Babila, mutanen da ke bauta wa gumaka. Annabi Irmiya ma, a sura ta 29, ya umarci waɗanda aka kai bauta su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunta, su yi masa addu'a.

Ke nan Daniyel ya bambanta abu biyu da iyaye kan haɗa. Akwai amini, wanda ake tona wa ciki, ake durƙusawa tare da shi gaban Allah; wannan dole a zaɓe shi da natsuwa. Akwai kuma maƙwabci, wanda ake bin sa bashin alheri da gaskiya da cin abinci tare, ko mene ne addininsa. Ɗalibin da ba shi da na farko, iska za ta kwashe shi. Wanda ya ƙi na biyu kuma, ya ɓoye fitilarsa, ya dawo gida da takarda amma bai san mutane ba.

Wani zai ce ɗan ƙasa ya fi aminci. Ba kullum ba. Akwai yaran da 'yan garinsu ne suka koya musu shaye-shaye da damfara, akwai kuma waɗanda bare ya tsamo daga ruwa. Da yaƙi ya ɓarke a Yukiren ranar 24 ga Fabrairu, 2022, an ba da labarin yadda aka riƙa ture ɗaliban Afirka daga jiragen ƙasa saboda launin fatarsu. Amma a Folan da Hangari da Romaniya, majami'u da talakawa sun ba masu gudu wurin kwana. A Afrilu na 2023 yaƙin Sudan ya rutsa da ɗaliban Nijeriya masu yawa a Khartum, akasarinsu 'yan Arewa, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. A irin wannan rana ba a tambayar mai miƙo ruwa ɗariƙarsa.

Sai dai kada a yi abota domin ranar wahala kaɗai, gama wannan ciniki ne. Ma'aunin ya fi haka sauƙi: abokin da ya san mutum mai bi ne, yana girmama ranar sujadarsa, ba ya neman ya yi abin da zai ɓoye wa uwarsa, wannan abin riƙewa ne. Wanda farashin abotarsa shi ne lamirin mutum, ko mawaƙin majami'a ne, a rabu da shi.

Maganar tana da wani gefe da ya shafi waɗanda suke gida. Keffi cike take da 'ya'yan wasu: ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, da masu yi wa ƙasa hidima da ke sauka a sansanin garin kafin a rarraba su makarantun ƙauyuka. Littafin Firistoci 19:33-34 ya tuna wa Isra'ilawa cewa su ma sun yi baƙunci a Masar, saboda haka su riƙi baƙo kamar ɗan gida. Uwar da ke roƙon Allah ya haɗa ɗanta da mutanen kirki a Birmingham ko Alƙahira, ta duba bencin baya ranar Lahadi. Akwai yaron da zai fita bayan sujada ba wanda ya san sunansa, uwarsa kuma tana wannan addu'ar a wani gari. Zumuntar mata da matasan ikkilisiya su tare shi a bakin ƙofa, su kai shi gida ya ci tuwo.