Kuɗina Ne, Ina Ruwan Wani?

Akwai wata hira da ba ta ƙarewa a rumfunan dillalan mota, da bakin tasha, da duk inda samari su ke taruwa da maraice, watau hirar manyan motoci. Sai ka ji mutum yana ba da labarin wata mota dalla-dalla, da ƙasar da a ke ƙera ta, da ƙarfin injinta, da abin da za a kashe kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Ikko, alhali kuwa shi ko keke bai mallaka ba. In wani dattijo ya tsoma baki ya ce wannan almubazzaranci ne, nan da nan sai a tare shi da cewa, "Baba, ai kuɗinsa ne, ina ruwan wani?" Shi mai motar ma in an tambaye shi abin da zai faɗa ke nan. Wannan magana ita mu ke so mu ɗora a ma'auni, domin rabinta gaskiya ne, rabin nan kuwa shi ya ke hana a duba sauran.

Bari mu fara sanin abin da a ke magana a kansa. A 1886 wani Bajamushe, Karl Benz, ya yi rajistar keken da inji ke tura shi, mai ƙafa uku. Ba a daɗe ba maƙeran mota su ka rabu hanya biyu. Henry Ford na Amurka ya nufi talaka. Ya fito da motarsa Model T a 1908, ya yi ta rage kuɗinta daga dala 850 har ta koma ƙasa da dala 300, kafin ya daina yin ta a 1927 an ƙera miliyan 15. Su Rolls da Royce na Ingila kuwa, da su ka kafa kamfaninsu a 1906, sai su ka nufi mai hannu da shuni, su ka ce kaɗan za su yi, amma a ƙure gwaninta. Hanyoyin nan biyu har yanzu ba su haɗu ba. A 2023 Toyota ta sayar da motoci fiye da miliyan 10, Rolls-Royce kuwa dubu 6 da 'yan kai.

Wajibi ne mu ba mai sha'awar irin waɗannan motoci hakkinsa. Son abu mai kyau ba aibu ba ne. Wanda ya ɗauki rigar da a ka yi wata shida ana yi wa aiki, ya bi zaren da yatsa ya girgiza kai, ai hannun maɗinki ya ke yabo. Haka ya ke ga wanda ya san inji, ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallon yadda hankalin ɗan Adam ya tsara ƙarfe. Dubi Bugatti Veyron da ta fito a 2005. Silinda 16 gare ta, tana iya gudun kilomita 407 a sa'a guda, in kuwa an sake ta iyakar gudunta sai ta shanye tankin lita 100 cikin minti 12 ko kusa da haka. Ko makaniken da ke aiki a gindin darbejiya ya ji wannan sai ya jinjina. Kuma ba kowane mai sukar motar attajiri ne mai wa'azi ba, da yawa hassada ce ta ari rawani.

To, amma ɗauki alƙalami mu yi lissafi, ya kai mai karatu. Aikin mota shi ne ta ɗauke ka daga nan ta kai ka can, lafiya, cikin inuwa, a kan lokaci. Matsakaiciyar mota mai ƙwari tana yin wannan sarai. Dokar hanya ta Nijeriya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a sa'a ba, ko a kan babban titi. Ashe ke nan a cikin gudun nan na 407 kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ya halatta a taka, sauran ajiya ne. In mutum ya biya ninki goma na kuɗin matsakaiciyar mota, kashi ɗaya ya sayi tafiya, a ce wani kashin ya sayi taushin kujera da ƙarin kariya ran haɗari. Sauran kashi takwas fa, me su ka saya?

Ga wata jarrabawa mai sauƙi. A ce wa mai son motar, "An ba ka ita a rabin kuɗi, amma da sharaɗi, ba za ka hau ta ba sai da tsakar dare, a hanyar da ba kowa, kuma ba wanda zai san taka ce." Masoyin inji na ainihi zai karɓa da murna. Amma na tabbata cikin goma tara za su ce a bar musu kuɗinsu. Abin da su ke saye ido ne, idon maƙwabta, da na surukai, da na mai gadin ƙofa, da na yaran da ke bin motar da gudu. Wani masani Ba'amurke, Thorstein Veblen, ya yi littafi a kan wannan hali tun 1899, inda ya nuna cewa akwai kayan da tsadarsu ita ce amfaninsu, in sun yi araha sai masu sonsu su watse. Shi ya sa a 2022 a ka sayar da wata tsohuwar Mercedes ƙirar 1955 a kan yuro miliyan 135. Ba don ta fi sababbi gudu ba, sai don biyu rak a ka taɓa ƙerawa.

Nan fa maganar "ina ruwan wani" ta fara rauni. Mutum yana iya cin kaza a ɗakinsa ba da sanin kowa ba, ya shimfiɗa darduma ta alharini a turakarsa, wannan lalle ba ruwan wani. Amma motar alfarma ba ta cika sai da mai kallo. Wanda ya shigo da jama'a cikin cinikinsa, ya ɗora darajar kayansa a kan idonsu, ba shi da bakin cewa ba ruwansu. Mu masu kallo ma muna da namu kason. Mu ne mu ke miƙewa mu ba mai jif tabarma a wurin ɗaurin aure, mu bar malamin makarantar da ya zo a kan babur yana tsaye a rana. Ɗan kasuwa ya kan ce in bai zo da babbar mota ba, ko ƙofar ofis ba za a buɗe masa ba, balle a ba shi kwangila, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Yaro yana ganin duk wannan. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa, amma ya gane cewa a garin nan ana tambayar irin motar, ba a tambayar inda a ka samo kuɗinta.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kakanninmu ma sun yi ta da dawaki. Haka ne, babu musu. Ingarman doki da sirdi mai ado da likkafar azurfa su ne Rolls-Royce na wancan zamani, kuma ba duka cinikinsu ke da tsabta ba, don an yi lokacin da a ke musayar dawakin da a ke kawowa Barno daga ƙetaren hamada da bayi. Ko a lokacin ma an sami masu tsawatawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wajen 1807 ransa ya ɓaci da halin waɗansu daga cikin jama'arsu, har ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano su ka tsai da shi. Cikin abin da ya yi kuka da shi har da tara tufafin ƙawa, da dawakin da a ke sukuwa da su a cikin gari maimakon fagen fama. Lura da kyau, ba doki ya zarga ba. Abin da ya dame shi shi ne an raba dokin da aikinsa, an bar masa adon kawai.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin doki da mota wanda ya kamata a tsaya a kansa. Kuɗin doki a gari ya ke kwana. Baduku ya ɗinka sirdi da linzami, maƙeri ya buga likkafa, masaƙi da marini su sami nasu a jalala, manomi ya sayar da harawa da dawa, fatake su kawo kanwa, ɗan barga ya ci abinci, kashin dokin ma ya koma gona taki. In ka ga hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya, abin da ka ke kallo rabinsa aikin hannun mutanen unguwa ne. Motar alfarma fa? Sai an canja naira zuwa dala ko yuro kafin a yi maganarta. Kuɗin ƙira na Jamus ko Ingila ko Italiya ne, kuɗin dako na masu jirgin ruwa ne. In ƙaramin ƙarfe ya lalace sai an yi odarsa daga waje, wata sa'a har da mai ɗaura shi, don makanikenmu ba shi da na'urar da za ta karanta ciwonta. Abin da ke saura a gida shi ne la'adar dillali, da albashin direba, da ladan mai wanki. An taɓa yunƙurin gyara wannan. A 1975 a ka fara harhaɗa Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, a Kaduna, dubban mutane su ka sami aiki, har manyan ma'aikatan gwamnati ma 504 su ke hawa. Daga baya tsofaffin motocin Turai, da a ke ce wa Beljiyam, su ka cika kasuwa ta hanyar Kwatano.

Kaso ɗaya tak jama'a ke da shi a cikin irin wannan mota, shi ne kuɗin fito da a ke biyan kwastan. Abin takaici, wannan kason ne a ka fi ƙoƙarin zillewa. Mutum ya iya biyan miliyoyi ga baƙon da bai taɓa gani ba, amma ya sa a bi da motar ta daji da dare don kada ƙasarsa ta sami nata. Yawan wannan ne ya sa gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga farkon Janairu 2017. Ga kuma wata, wadda malamai su ka fi ni sani. Kuɗin da ya cika nisabi ya shekara a ajiye, ana fitar masa da zakka, ɗaya cikin arba'in. Abin hawan da mutum ya ke amfani da shi kuwa ba zakka a kansa. Wannan sauƙi ne da a ka yi wa mai bukata. Amma wanda ya jera shida a gareji yana hawan ɗaya, ya kamata ya tambayi zuciyarsa ko sauƙin nan dominsa a ka yi.

Sai maganar hanya, wadda a ganina ita ce mafi nauyi. Mota ba ta tafiya a kan kuɗin mai ita, a kan kwalta ta ke tafiya, kwalta kuwa ta kowa ce. Motocin tsere na Italiya cikinsu dab da ƙasa ya ke, tazarar ba ta kai taƙi ɗaya ba, ƙaramin rami ya isa ya fasa su. Da manyanmu irinsu su ke hawa kullum, da watakila an cike ramukan. Amma sai su ka koma ga jif mai dogayen ƙafafu irin Land Cruiser, wadda ke haye rami mai ciki bai ko farka daga gyangyaɗi ba. Watau an magance ramin ga mutum ɗaya, an bar shi ga mai a-kori-kura, da mai babur, da mace mai naƙuda da a ka ɗauko a a-daidaita-sahu. Mutumin da maganarsa za ta isa kunnen hukuma shi ne ya daina jin zafin abin. Ban ce ya yi sata ba, ban ce ya aikata haram ba. Na dai ce ya saye kansa daga wahalar da ya kamata ta sa shi magana, wannan kuwa ruwan kowa ne.

Duk abin da mu ka faɗa a kan mai kuɗin halal ne. In kuɗin na baitulmali ne, to, ko rabin gaskiyar nan ma babu. Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya gane haka, ya sayar da Marsandin gwamnati, ya ce ministoci su hau Renault 5, ƙaramar mota mai araha. A ɗaya gefen kuma ga Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini, ƙasa mai arzikin man fetur da talakawa masu yawa. Hukumomin Suwizalan sun kama motocinsa a wani bincike na zargin halatta kuɗin haram. Daga bisani a ka daidaita a ka rufe shari'ar, bisa sharaɗin a sayar da motocin a yi wa mutanen ƙasarsa aiki da kuɗin. A watan Satumba 2019 a ka yi gwanjon guda 25 kusa da birnin Janiba, a ka tara kimanin dala miliyan 27. Wadda ta fi tsada a cikinsu wata Lamborghini ce da a ka ƙera tara kacal irinta, ita kaɗai ta haura dala miliyan 8. Da a ka duba agogon tafiyarta, sai a ka tarar cikin shekara biyar kilomita 325 ta yi, ko tafiyar Kano zuwa Abuja ba ta cika ba.