Mai Gyara Aikin Wani, Ɓarawo Ne?

A shekarar 1993 wani kamfani na Amurka, id Software, ya fito da wasan kwamfuta mai suna Doom. A 1997 ya buɗe wa jama'a asirin yadda aka tsara shi. Masu sha'awa suka yi ta mai da shi kan sababbin na'urori, har yau bai mutu ba.

Kamfanin Nintendo na Japan kuwa wata hanya ya bi. Wani mutumin Ajantina ya yi wajen shekara 10 yana sabunta tsohon wasansu, Metroid II. A 2016 ya rarraba shi kyauta, cikin 'yan kwanaki suka hana.

To, jama'a, ina gaskiya take? Shari'a tana bayan Nintendo, gama mai abu shi ke da iko da abinsa. Amma fa ɓarawo yakan ɓoye sunan mai kaya ne, ya ci riba. Wannan kuwa bai ɓoye ba, bai karɓi ko anini ba. Laifinsa guda, watau rashin neman izini.

Saboda haka mai gyara ya yi sallama kafin ya shiga. Mai abu kuma ya tuna, irin da aka kulle a rumbu ba a shuka ba, gara ce ke cinye shi.