Rabo Ne Ko Sakaci?

In aka ce yaron Kudan ko Makarfi bai zama ɗan wasan tanis ba, sai mutane su ce ba rabonsa ba ne. Ni ban yarda mu tsaya nan ba. Nduka Odizor ya tashi a Legas, wasa ya kai shi Jami'ar Houston a Amurka, har ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon a 1983. Sadiq Abdullahi ya wakilci Najeriya a Olamfik ta 1988. Baiwa daga Allah take, babu ja, amma sai da wani ya damƙa musu sandar wasa ya kai su fili.

Wani zai ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Gaskiya ne, sai dai ba wanda ya san rabonsa kafin ya nema, kuma manomin rake bai taɓa barin gona babu ban ruwa don ya yi imani da ƙaddara ba. Wani kuma zai ce wasa shagala ne. Shagala ce in ta raba yaro da salla da karatu, alhali gasar jami'o'in Amurka ba ta barin ɗalibi ya buga in makinsa ya faɗi. Yaron da ke dakon tumatir a Ikara ba a ma gwada hannunsa ba, wannan kuwa alhaki ne a wuyan masu iko da mawadata.