Wuƙar likita ko kame baki

A ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984, ta kuma ga yunwar 2005 da idonta, ba abin mamaki ba ne a ɗauki ƙiba a matsayin albarka. A Tawa, in ɗan bida ya dawo daga Abijan da tumbi sai a ce ya samu. In amarya ta shekara ba ta yi jiki ba, dangi su fara zargin mijinta da rowa. Can arewa, wajen Cin-Tabaradan da Tasara, Larabawan Azawak sun daɗe suna yi wa ƴaƴa mata ɗura da madara da kunun hatsi tun lokacin famfara, al'adar da Rebecca Popenoe ta rubuta littafi a kanta a 2004. A birni kuwa ƙwayoyin masu tallan magani ne suka gaji ƙwaryar madara.

Sai shekaru su ja. Gwiwa ta kasa ɗaukar jiki, ciwon sukari da hawan jini su shigo, salla ta koma ta zaune. Likita ya gwada nauyi da tsawo, ya ce ma'aunin ya haura 40, wato ƙiba mai tsanani. Daga nan hanya biyu ce: ko rage ci da motsa jiki, ko fiɗa, wadda a wani nau'inta ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi.

Ga mutane da yawa zaɓin a fili yake. Kame baki halin mai haƙuri ne, fiɗa kuwa hanyar raggo ce, mai son girbi ba noma. Hukuncin yana da daɗin ji, sai dai bincike bai goyi bayansa ba. A Suwidin an bi mutane fiye da 4,000 tun daga 1987. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa fiɗa sun rage kashi 14 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsu bayan shekara 10, sauran kuwa kusan suna nan yadda suke, kuma mutuwa ta ragu da kashi 29 cikin 100 a rukunin farko. Dalili kuwa shi ne jiki yana kare kitsensa kamar yadda manomi ke kare rumbunsa: in nauyi ya sauka, yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu. Wanda ya kasa, sau da yawa ba niyya ya rasa ba. Da halittarsa yake kokawa.

Malamai ma sun duba lamarin. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta rage ƙiba ta hanyar fiɗa in ta zama cuta, babu wata mafita, kuma an amince daga cutarwa. Sharuɗɗan suna da nauyi, domin fiɗa tana da haɗarinta, kuma ba ta ƴanta kowa daga horon kai. Wanda aka yi wa zai ƙare rayuwarsa yana cin ƴan lomomi, yana shan ƙwayoyin gina jiki, yana komawa awo. Raggo ba zai iya wannan ba.

Amma a Adar muhawarar tana da wani gefe mai ɗaci. Fiɗar ta mai iya biyan jirgi zuwa Tunusiya ce ko Turkiyya. Saura kuwa nasiha ce rabonsu, kuma nasihar tana magana kamar kowa shi kaɗai yake cin abincinsa. A nan akushi ɗaya ne, ƙin cin abincin biki raini ne, shayi kuwa sai an sha na uku, kowane da sukarinsa. Matar da aka yi wa ɗura tana shekara bakwai, aka yi mata guɗa ranar aure saboda cikar jikinta, ita ce yau ake ce wa ba ta da kamun kai. In ta rage ci, a ce mijinta ya talauce ko wata cuta ce take ɓoyewa. In ta fito da asuba ta taka hanyar bakin tabki, kafin hantsi labari ya kai gidan surukanta.