Zoben Aljani Da Auren Dole

'Yan uwana mata, littafin soyayya mai aljanu yana da amfaninsa. Tun 1951 Ahmadu Ingawa ya nuna da Iliya Ɗan Maiƙarfi cewa Bahaushe na son labarin ban mamaki. Daɗin irin wannan labari kan zaunar da yarinya har karatunta ya nuna.

Amma fa ga illar. Da an ƙuntata wa jarumar, sai zoben aljani ya cece ta. To yarinyar Kankiya ko Kusada da za a yi wa auren dole, wane zobe gare ta? Abin da take da shi ilimi ne, da addu'a, da gaya wa iyaye gaskiya cikin ladabi. Mu marubuta, wannan ya kamata mu koya mata. Allah ya ganar da mu.