Kuɗin karo-karo na wa ne?

In abokai sun haɗa kuɗin tafiya, sun zama na kowa ke nan, ko kowace jika tana tuna aljihun da ta fito?

Mu huɗu muka kama hanyar Kano daga Maraɗi, ta Ɗan Isa da Jibiya. Uku muka zuba jika goma-goma, na huɗun uku. A Katsina aka kawo shinkafa, ya ce ya ƙoshi. Wallahi tun safe bai ci komai ba.

A nahawu, “namu” ba ta bambanta mai goma da mai uku. Ni dai ina ganin ƙirgar da ake yi gaban kowa ce ta riƙe masa hannu. To amma in ba a ƙirga ba, mai riƙon kuɗin zai kai Kano ba a zarge shi ba?